Kaza ta Shida

Duk Hayin Banki an san bakina. Ni ce Kaltume matar mai ɗori, wadda in akuyar maƙwabta ta ci mata shanya sai an jiyo muryarta har bakin titi. Shekara talatin da ɗaya ina zaune da Malam, babu abin da ban yi masa gardama a kai ba, tun daga gishirin miya har zuwa inda za a haƙa masai. Abu ɗaya ne tak ban taɓa sa baki a cikinsa ba, shi ne ɗori. Kuma a nan ne ya kamata a ce na yi magana.

Ɗorin nan gado ne. Ubansa ya yi, kakansa ya yi tun suna Zariya. Da safe Malam yana karantar da allo a zaure, in aka kawo mai karaya sai ya ajiye alƙalami ya ɗauko tsohuwar jakar fata ta ubansa. A gidansu akwai wata al'ada: duk wanda za a yi wa ɗori, danginsa za su zo da kaza. Malam zai yi bisimilla ya karya ƙafar kazar, ya ɗaure ta da ɗan kara da tsumma a daidai lokacin da ya ɗaure ta mutum. Ranar da kaza ta taka ƙasa ta ruga a guje, ranar zai ce wa mutum ya warke. Kazar kuma ta zama ta gida. Ni ke watsa musu tsaba, ni ke buɗe akurki da safe, don haka na fi kowa sanin ranar da kowace ta miƙe.

Kada ma wani ya ce mini camfi ne kawai. Da idona na ga direbobin tashar Kawo da aka kawo a kan ƙyaure sun koma riƙe sitiyari. Hassan ɗana ya karye a ƙwauri wurin ƙwallo yana ɗan shekara sha shida, uban ya ɗora shi, yau ko rantsuwa aka ba ka ba za ka nuna wace ƙafar ce ba.

Shi Hassan ɗin ne ya jawo mana. Tagwaye ne shi da Husaina, kuma tun suna ƙanana duk abin da ya yi sai ta yi. A tsakar gidan nan ya koya mata tamaula da ƙullin tsumma, sun fasa mini tulu ya fi a ƙirga. Da ta shiga kwalejin horon malamai a shekarar casa'in da biyu, sai ta zaɓi karatun motsa jiki, ta tarar wata malama, Malama Mariya, tana haɗa ƙungiyar ƙwallo ta 'yan mata. Ranar da ta zo da zancen na saki ludayi.

"Mace da tamaula? Tabɗi! Gobe kuma sai ki ce mini dambe za ki shiga."

Malam da kowa ya zata zai hana, sai ya ce ai karatunta ne. Ya gindaya sharaɗi uku: dogon wando, ɗankwali, kuma magariba ta same ta a gida. An yi ta ƙananan maganganu a bakin masallaci, ya ce musu, "'Yata ce," bai ƙara ba. Ni kuwa ban fasa mita ba. Kullum ta dawo da jar ƙasa a jiki sai na faɗi tawa, ita kuma ta yi dariya ta rungume ni ta baya, ta ce, "Inna, wata rana sai kin yi mini guɗa a fili." In ce, "Allah ya kiyashe ni."

To, ba a jima ba aka fara kawo mana 'yan ƙungiyarsu. Sa'adatu ce ta farko. Sai Mero, sai Rifkatu, sai Delu, sai wata doguwa Talatu. Biyar cikin shekara biyu, kuma labarin duk iri ɗaya. Babu wanda ya taɓa ta. Tana cikin gudu ne ta zo juyawa, sai ta ji ɓas a gwiwa, sai ƙasa. Kafin a iso da ita gwiwar ta kumbura kamar kabewa. Malam zai taɓa, ya lalluba, ya ce ƙashi lafiya, gocewa ce ta yi ta koma. Ya shafa man kaɗanya, ya yi tofi, ya ɗaure, ya karya kaza.

Ranar da aka kawo ta biyar na tare Malama Mariya a bakin madafi, na ce, "Wai ku gwiwoyin naku na aro ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mama, wallahi abin yana hana ni sukuni. 'Yan mata sha takwas gare ni, biyar sun faɗi. Maza sun fi arba'in, fili ɗaya muke amfani da shi, amma mutum ɗaya ne a cikinsu ya taɓa yin irin wannan."

Na ce to mene ne? Ta ce ba ta sani ba. Ko takalman ne, don kwancen na maza ake ba su, sun yi musu yawa sai sun cusa tsumma, ga haƙoransu dogaye suna kafewa a ƙasa. Ko filin ne. Ko kuwa haka Allah ya yi gwiwar mace. Ta tambayi waɗanda suka fi ta karatu, kowa ya ɗaga kafaɗa.

Kaji biyar ɗin nan duk sun warke. Sati uku, sati huɗu, kaza ta ruga, kumburi ya sace, yarinya ta zo da ƙafarta ta durƙusa ta yi godiya ta tafi. Malam ya sa su cikin waɗanda Allah ya ba shi sa'a a kansu, kuma tsakaninsa da Allah haka ya sani.

Ni ce na gano ba haka ba ne. Wata Laraba ina tashar Kawo zan je gaisuwa Katabu, sai ga Rifkatu tana saukowa daga bas da jaka a hannu. Ta sa ƙafa ƙasa, ta juya za ta karɓi saƙo ta taga, sai kawai na ga ta zube, kamar an doke ta a bayan gwiwa. Na ruga na ɗaga ta. Da ta gane ni sai kunya ta kama ta fiye da ciwon.

"Mama, don Allah kada ki gaya wa Baba. Ya yi iya ƙoƙarinsa. Tafiya lafiya lau nake yi, har gudu ina yi in a miƙe ne. Amma da na juya sai ta zame mini."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kwance."

Daga ranar na shiga bincike irin namu na mata, a gidan suna, a gidan biki, a layin masu kayan miya. Uwar Sa'adatu ta ce 'yarta ta daina ɗaukar ruwa a ka, don sau biyu tana faɗuwa da bokiti. Mero ta koma fili, ba ta yi minti goma ba aka fito da ita. Delu da Talatu ma haka. Biyar ɗin nan babu wadda ta ƙara buga wasa. Kuma babu wadda ta dawo ta faɗa. Wa zai dubi idon dattijon da ya yi maka tofi, ya yi maka addu'a, ka ce masa aikinsa bai ci ba?

Na dawo gida da niyyar in faɗa masa. Na same shi a zaure yana goge jakar ubansa da mai, yana ba wani baƙo labarin yadda tsohon ya ɗora wani mahayin doki da kowa ya fid da rai. Fuskarsa sai haske take yi. Na tsaya a bakin ƙofa, sai na juya na koma ciki. In na faɗa, ba shi kaɗai na taɓa ba, har da ubansa da kakansa da ke kwance a ƙasa. Na ce gobe. Goben nan ta yi wata bakwai.

Ita ma Husaina ban gaya mata abin da na gani ba, don ban so in zubar mata da uba a ido. Sai dai na bi ta gefe, cikin mitar da na saba. Na ce, "Wai ina su Rifkatu? Ban ƙara jin kina ambatonsu ba."

Ta ce, "Rifkatu ta gama makaranta, Sa'adatu aure za ta yi. Su Mero kuwa tsoro ne kawai, Inna. In mutum ya faɗi sau ɗaya sai zuciyarsa ta mutu."

Na yi shiru. Ni Kaltume, na yi shiru.

Farkon daminar casa'in da huɗu, wata Alhamis da la'asar, na ji tsayawar motar kwaleji a ƙofar gida. Na leƙa in ga 'yar wa aka kawo kuma. Sai na ga ɗankwalin da na wanke da hannuna jiya. Mutum biyu ne suka riƙo ta, tana cije leɓe, ga gwiwar dama ta cika wando.

Hassan ya ruga kasuwar Kawo ya sayo kaza, wata wake-wake mai jan tukku. Malam ya zauna a gabanta. Ya lalluba ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙashi lafiya." Na ji ƙarar karyewar ƙafar kazar daga madafi.

Husaina tana kwance tana hawaye, amma ba don zafi ba. Saura sati shida masu zaɓen 'yan wasan jiha su zo kwalejinsu, wata Asabar. Malama Mariya ta riga ta gaya mata in mutum ɗaya za a ɗauka to ita ce. Shekara biyu ba ta da zance sai wannan.

"Baba, zan warke kafin nan?"

Ya ce, "Ga kazarki nan. Ranar da ta ruga, kin warke da yardar Allah."

Aka sa kazar a kwando kusa da ƙofar ɗakinta. Yarinyar nan da hannunta take ba ta tsaba, tana yi mata hira kamar mutum. Kumburi ya fara sacewa. Sati biyu ta taka, sati uku tana zagaya tsakar gida ba sanda. Ni kuwa ina kallo, na san wannan hanyar, na san inda ta kai mutum biyar.

Da sati uku ya cika Malam ya kwance wa kazar kara da yamma, ya ce a mayar da ita akurki, gobe a gani. Washegari da na buɗe akurki, wake-wake ce ta fara fitowa. Ta miƙe ƙafa, ta taka, ta bi wata fara a guje har gindin rijiya. Babu kowa a tsakar gida sai ni. Malam bai dawo daga masallaci ba, Husaina tana ɗaki.

Ban yi wani dogon tunani ba, kada in yi ƙarya. Na cafke ta, na shiga ɗaki na ɗauko baƙin zaren da nake yi wa Husaina kitso da shi. Na ɗaure mata cinya can sama cikin gashi, inda ido ba ya kaiwa, na ja daidai yadda za ta ji zafi in ta taka. Na sake ta. Ta ɗaga ƙafar, ta yi tsalle ɗaya, ta tsaya tana ɗingishi.

Dabarata ke nan. Da safe in ɗaura, da magariba in kwance don kada ƙafar ta mutu. Sati uku kawai nake nema. Asabar ɗin nan ta zo ta wuce, masu zaɓe su tafi da wadda za su tafi da ita, 'yata ta yi kukanta ta share hawaye, ƙafarta tana jikinta. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda aka ce wa aikinsa bai ci ba. Har ina yaba wa kaina wayo.

Abin da ban lissafa ba shi ne Malam. Tunda yake ɗori kaza ba ta taɓa wuce sati huɗu ba ta taka ba, sai a kan 'yarsa. Ya kama ta ya lalluba ƙwaurin, ya ji ƙashi ya haɗe sumul, ya sake ta, ta ɗingisa. Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Ya shiga azumin nafila, ya rage cin tuwo, in ana magana sai ka ga hankalinsa ba ya wurin. Wata safiya ya ce mini, "Kaltume, ko dai an karɓe abin nan daga hannuna ne? Ko wani laifi na yi?" Na ce, "Haba Malam, kaza ce fa, wata ta fi wata nawa." Na juya na shiga madafi, hayaƙi ya rufa mini asiri.

Ita kuma Husaina ta zama abin tausayi. Ƙafarta tana ce mata ta warke, kaza tana ce mata a'a, kuma ba za ta saɓa wa maganar ubanta ba. Takalman ƙwallonta suna rataye a ƙusa, kullum sai ta sauko da su ta goge ta mayar.

Na kai kwana goma sha bakwai. Saura huɗu.

Ranar Talata da hantsi ina tankaɗe, sai na ga ta ɗauko gwangwanin man kaɗanya ta zauna a kan turmi da kazar a cinya. Wai tausayinta take ji, za ta shafa mata. Na ce, "Ke, sake ta mana, za ta ɓata miki zane." Ba ta ji ba. Ta shafa ƙwauri, ta haura sama, yatsunta suka shiga cikin gashi. Sai na ga ta tsaya.

Ta jawo zaren a hankali, ta tsinke shi da haƙori. Ta ɗora shi a tafin hannu tana kallo. Ai ta san shi, irinsa ne a kanta a lokacin. Kazar ta diro, ta girgije, ta ɗan ɗingisa sau biyu, sai ta kwasa a guje har zaure, ta bi ta tsakanin ƙafafun Malam da yake shigowa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba wanda ya tambaye ni, fuskata ta riga ta faɗa. Malam ya dubi zaren, ya dube ni. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Kaltume. Ke?"

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na zazzage komai. Na faɗi yadda Rifkatu ta zube a tasha, na faɗi bokitin Sa'adatu, na faɗi minti goman Mero. Na ce, "Malam, hannunka yana ɗora ƙashi, ban taɓa musu ba. Amma wannan ba ƙashi ba ne. Wani abu ne a ciki yake tsinkewa, kaza ba ta san shi ba. Biyar, Malam! Babu wadda ta koma."

Gaskiya ce tsantsa, amma ta fito daga bakin da aka kama da zare yanzun nan. Ni kaina da nake faɗa na ji ta yi kama da kame-kame.

Husaina ta miƙe, idonta jawur. "Inna, dama can ba kya son ƙwallon nan. Tun ranar farko ba kya so. Ki ce kawai ba kya so, ba sai kin ɗora wa Baba ba. Kwana sha bakwai ina zaune! Kin ga yadda ya rame?"

Malam dai bai yi watsi da maganata gaba ɗaya ba, in ba shi haƙƙinsa. Ya ce, "Husaina, zo nan." Ya sa ta tsuguna, ta tsuguna. Ya sa ta yi gudu daga rijiya zuwa zaure, ta yi, ta dawo. Ya lalluba gwiwar ya daɗe. Ya ce, "Ni abin da hannuna ya ji shi zan faɗa. Ban ji komai ba." Ya juyo gare ni. "In da gaske ne, me ya hana ɗaya daga cikinsu ta dawo? Ke kuma me ya hana ki faɗa tun wata bakwai?"

Na bi Malama Mariya har kwaleji washegari, ta ce ta gwada Husaina, ta yi gudu ya fi na kowa, kuma sunanta yana hannun masu zaɓe, uba ya yarda, da wace hujja za ta cire ta? Na roƙi Hassan, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki bar ta." Kwana huɗu 'yata tana gaishe ni da safe a durƙushe kamar kullum, amma idonta yana ƙasa.

Ranar Asabar na yafa mayafi na bi su filin kwaleji. Ban taɓa zuwa ba sai ran nan. Na tsaya a gindin wata darbejiya a bakin fili, ina ta jan duk addu'ar da ta zo bakina.

Wayyo, ashe haka yarinyar nan take! Shekara biyu ina mita a kan abin da ban taɓa gani ba. Ƙwallo tana manne da ƙafarta kamar ta haife ta. Ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, jama'a suna ta kiran sunanta, mutanen da suka zo zaɓe suna nuna ta da biro. Can sai ta ɗaga ƙafa daga nesa ta narka, ƙwallo ta shige raga. Wallahi ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba. Ta jiyo. Ta juyo ta hango ni a gindin bishiya, ta yi dariya, ta ɗaga mini hannu. Na manta da komai, har na ce a raina ko ni ce ban da gaskiya.

Ba a yi minti biyar ba aka jefo mata wata. Ta bi ta a guje, ta kafa ƙafar dama za ta juya. Babu kowa kusa da ita. Daga inda nake na ga gwiwar ta karkace ta inda gwiwa ba ta zuwa. Ƙarar da ta yi, har yau in na rufe ido ina jin ta.

Wannan karon asibiti aka wuce da ita, Malam da kansa ya ce a wuce. Likitan ya yi mana bayani a tsaye a baranda. Ya ce akwai wata jijiya a tsakiyar gwiwa da ke riƙe ta, ita ce ta tsinke tun faɗuwar farko, kuma ba ta haɗewa da kanta kamar ƙashi. Da ta haƙura da wasa, da za ta yi tafiyarta, ta yi sallarta, ta yi aikinta, sai dai ta riƙa kula wurin juyawa. Yanzu kuwa wata jijiya ta biyu ta tsinke, guringuntsi ya yage. Za su yi aiki, amma kada mu sa rai da yawa. Malam yana tsaye yana sauraro, hannuwansa biyu a cikin aljihun riga, bai fito da su ba har muka iso gida.

Wata uku tana cikin filasta. Da aka cire, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa sai ɗan kaɗan. An yi gashi, an yi motsa jiki, ta tsaya a nan. Ranar da aka sallamo ta, ta shigo zaure da sanda ta tarar da ubanta a kan buzu. Ta saki sandar za ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba tun tana 'yar shekara uku. Ta gwada, ta sake gwadawa. Sai ta tsaya a tsaye ta ce, "Baba, ina wuni." Ya sunkuya ya ɗauko sandar ya miƙa mata.

Bai bar ɗori ba, masu karaya suna zuwa har gobe, suna kuma warkewa. Amma bayan wata biyar an kawo wata yarinya daga wata makarantar, gwiwa a kumbure, uwarta riƙe da kaza. Ya taɓa sau ɗaya, ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Ku kai ta asibiti, kuma ko ta ga tana gudu kada ta koma fili sai likita ya ce. Ku tafi da kazarku." Ina jin sa daga tsakar gida. Maganar da ba ta fi numfashi uku ba. Ita ce na kasa faɗa wata bakwai.

Husaina ta gama kwaleji, tana koyarwa a wata firamare a Kawo. A kan kujera take salla. Ranar idi layin tsofaffi take bi, tana da shekara ashirin da biyu. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba tun daga ranar zaren, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba, sai wata Juma'a da nake yi mata kitso. Da can a ƙasa take zama tsakanin ƙafafuna. Yanzu ita ke kan kujera da ƙafa a miƙe, ni ina tsaye a bayanta. Wake-wake ta zo ta wuce ta gabanmu da 'yan tsakinta takwas, tana tono da ƙafar nan, ko alamar ɗingishi babu.

Ta bi ta da kallo. Ta ce, "Inna."

"Na'am."

"Ranar da kika ga Rifkatu ta faɗi a tasha, me ya sa ba ki zo kin zaunar da ni kin gaya mini ba? Ke da kike gaya wa kowa komai."

Na ce, "Da kin ji?"

Ta murza zaren kitson da take riƙe da shi. Can ta ce, "Da na yi kuka. Da na yi fushi, in ƙi cin abinci. Amma da na ji, Inna. Ai ba ki taɓa yi mini ƙarya ba kafin ranar nan."

Ta miƙo mini zaren ta kan kafaɗa ba tare da ta waiwayo ba. Na karɓa. Na ci gaba da kitson a tsaye, hawaye yana sauka a kan tsagar da na yi, na rasa yadda zan goge, don hannuwana duka biyu suna riƙe da gashinta.